Jajayen Duwatsun da Kawu Ya Jera

Ɗan kawuna ya kwashe duwatsun kabarin uwata a motarsa, ya kai su Abhur, can bakin teku, aka yi katangar gidan shaƙatawa da su. Bai tsaya nan ba, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar ni shekara biyu ina gaba da ubansa a kan laifin da ba na tsohon ba ne. Da wannan na fara don kada wani ya karanta takardar nan ya ce ai ta'aziyya ce kawai. Ta'aziyya ce, amma da ciwo a cikinta. Ni ba malami ba ne. Karatuna bai wuce rubuta wasiƙa da karanta lambar kaya a mina ba, wato tashar jiragen ruwa, inda na yi shekara ashirin ina dako. Abin da na sani shi zan faɗa.

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka yi masa salla bayan la'asar. Kwana uku aka jera kujeru a lungunmu na unguwar Mahjar, nan Jidda, aka jawo wayar fitilu daga gidan maƙwabta, ana zagayawa da gahawa. Ni ina can ƙarshen layin masu karɓar gaisuwa, ina jin abin da mutane ke faɗa.

Mai shagon bakin lungu ya ce, "Allah sarki, mai duwatsu ya tafi." Liman ya ce mutum ne na sahun farko, sai dai yana da wata ɗabi'a, amma bai ƙarasa ba. Daga ɗakin mata wata tsohuwa ta ɗaga murya tana kuka, wai wa zai ƙara kawo musu na'ana'ar dutse. Samarin da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta tsaya a gaisuwa, suna tambayar juna da Larabci wai me tsohon yake yi ne a rayuwarsa. Wannan ya ce kuku ne. Wancan ya ce a'a, ɗan jagora ne. Babu wanda ya faɗi daidai.

A rana ta biyu wani Balarabe makiyayi ya zo tun daga bayan Usfan, ƙafa duk faso, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a ƙasa. Ya sha gahawa kofi ɗaya ya girgiza kofin, alamar ta ishe shi. Ya ce, "Ni a tudun nan aka haife ni, ubana ma haka. Amma in muka yi gardama a kan wani tsibin dutse, wannan Takarunin naku da ya rasu muke jira ya zo ya raba mu." Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan mai jan kabari?" Na ce ni ne. Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya kalli ɗan Kawu a can gaban layi cikin farar riga fat, ya tashi ya tafi. A lokacin ban gane komai ba.

Kawu wan uwata ne, ciki ɗaya. Ta Sudan suka biyo, a can ubana ya rasu, suka haye ruwa da ni a goye. Bayan aikin hajji suka bar ni a Jidda wurin matar Kawu, wadda nake kira Inna har yau, shi da uwata suka kama hanyar Madina da ƙafa. Ba su da takardar wucewa, don haka suka kauce wa hanyar ayari suka hau harra, wato tudun nan na baƙaƙen duwatsu da ke bayan Usfan, inda babu inuwa babu ciyawa sai in an yi ruwa. A nan zazzaɓi ya kwantar da uwata. Kwana biyu ta yi ta cika.

Kawu ya ce da wuƙa da kwanon shan ruwa ya yi haƙa, ƙasar ta ƙi, bai samu zurfin kirki ba. Dole ya tara duwatsu a kai saboda kuraye. Da ya ɗaga kai ya duba, sai gabansa ya faɗi. Ko'ina tsibin duwatsu ne, gabas da yamma, iya ganin ido, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Ya ce a ransa in ya juya baya ya yi taku ɗari, shi da ƙanwarsa sai a lahira. Yana cikin haka ya lura da dutsen da ke hannunsa: bayansa baƙi ne wul, yana sheƙi, amma cikinsa da ya kwanta a ƙasa ja ne kamar tukunyar da aka gasa. Sai ya rushe abin da ya tara ya sake jerawa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne jan ciki a sama. Yini guda ya yi. Da ya gama, a duk faɗin tudun nan kabari ɗaya ne ja.

Daga nan iliminsa ya fara. Duk shekara yana komawa, kuma mutum ne da ba ya wuce abu bai tambaya ba. A hankali ya san su duka, ya sa musu sunaye na kansa. Akwai mai wutsiya, babban tsibi da ƙanana jere a bayansa kamar akuya da 'ya'yanta. Akwai mai zobe, wanda aka kewaye da da'ira. Akwai wasu dogayen katangu da ba su wuce gwiwa ba, su taho daga nesa su haɗe a bakin gangare. Ya ce wannan ba kabari ba ne, tarkon barewa ne, a koro su su faɗa. Waɗannan duk na mutanen farko ne, tun kafin a san alƙibla. Sauran kuwa na jiya ne: garken makiyayi, za ka tarar da kashin awaki a ciki, alamar hanya, siririya ce, a kan tozo take, kabarin Musulmi, dogo ne, ya gitta alƙibla.

"In ka rasa ganewa," yakan ce, "ɗaga dutse ɗaya ka duba. In duk tsibin baƙi ne a sama ja a ƙasa, kuma ya nutse, to ya daɗe da babu wanda ya taɓa shi. Ni shekara talatin ina kallon waɗanda na juya, ko duhu ba su fara ba. To ka lissafa da kanka." Kuma duk dutsen da ya ɗaga sai ya mayar da shi yadda ya same shi, ya danna da tafin hannu. Har a gida haka yake. In ya ɗauki kofi, gurbinsa yake mayar da shi. Inna takan ce ta auri mutumin da ko ɓarawo ya zama ba za a gane ya shiga ɗaki ba.

Lokacin da Turawa masu awon ƙasa suka fara shiga duwatsu neman ma'adinai, sai suka ɗauke shi kuku. Ba a yi wata biyu ba ya zama shi ke gaban mota. Akwai labarin da yake so, ya ba mu shi ya fi sau hamsin. Wani Bature dogo a cikinsu ya haukace a kan tsofaffin duwatsun nan. Wata rana suka iske wani layin duwatsu mai lanƙwasa a tsakiya. Baturen ya yi tsalle daga mota, ya ja igiyar awo, ya ɗauki hoto ta nan ya ɗauka ta can, ya cika shafi biyu da rubutu, yana ta zufa. Kawu ya bar shi sai da ya gama, har ya zuba masa shayi. Sannan ya ce wa tafinta, "Faɗa masa ya rubuta kuma cewa ni na gina shi bara. Masallacinmu ne. Ga gwangwanin madarar da muka sha nan a ƙarƙashin dutsen limami." In ya zo nan sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Baturen, in ji shi, daga ranar ba ya rubuta komai sai ya waiwayo ya ce, "Haji, tsoho ko sabo?" Sun yi taswirarsu sun tafi da ita ƙasarsu. Ban san ko sunan Kawu na ciki ba. Ban zata ba.

Ɗabi'ar da liman ya ƙi ƙarasawa ita ce wannan. Sun taɓa yi a ƙofar masallaci, ina tsaye. Liman ya ce, "Alhaji, mutum kamarka yana yawo a kaburburan jahiliyya, yana shafa su kamar na iyayensa?"

Kawu ya ce, "Malam, na taɓa roƙonsu wani abu?"

"Ban ce ka roƙa ba."

"To ni dai na ɗauki dutse a tudun nan, na san nauyinsa. Kowane tsibi ka gani, wani ne ya yi yini yana ɗauka a kafaɗa yana kuka. Ban san addininsa ba, hisabinsa na wurin Allah. Amma ba zan taka aikinsa ba."

Liman ya ce Allah ya shirye mu. Kawu ya ce amin, gaba ɗaya.

Sau uku ya kai ni wurin uwata, kuma sau ukun na kasa koyon hanya. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Yakan tsaya ya ce, "Ɗan ƙanwata, daga mai wutsiyar nan ina za mu yi?" In nuna hagu. Ya ce, "Nan sai Yanbu, can wata duniya." In nuna wani tsibi in ce kamar mun wuce wannan ɗazu. Ya ce, "Kai komai baƙi a wurinka ɗaya ne. Buɗe ido, ba kullum nake nan ba." Ni kuwa ƙafata na ciwo, rana na dukana, ina cewa a raina ai ga shi nan, me zan yi da haddace duwatsu. Sai mun hau wani ɗan tozo, kawai ka hango shi can, ja a cikin baƙi. Ban san fuskar uwata ba. Ba ta da hoto, ba ta bar ko zane ba. In aka ce uwata, wannan jan nake gani.

Zuwa na uku ɗan Kawu ne ya kai mu. A lokacin ya samu gallabi, motar nan mai juye kaya, yana jigilar yashi da dutse, don Jidda ta fara haukan gini. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, tun muna yara ba ya kirana sai bawansa. "Yalla ya bawana, hau baya, gaba ta iyayengiji ce." Na ce, "Ubangijin da ba ya iya gaisuwa da Hausa sai ya haɗa da Larabci." Muka yi ta yi har muka isa. Muka yi addu'a. Muna shafawa ya ce, "Wallah hilu, launin nan ya yi kyau. Ya aka yi ya zama ja?" Kawu ya ji daɗi, ya ɗauka yaron nasa ya fara sha'awar abin. Ya tsuguna ya yi masa bayani tiryan-tiryan.

Bayan nan da shekara ɗaya da wani abu, babbar 'yata, wadda ke da sunan uwata, ta isa tafiya. Na je na ce, "Kawu, ina so ka kai mu, yarinyar nan ta ga mai sunanta."

Ya ce, "Ba yanzu ba."

Na koma bayan wata. Ya ce ƙafa. Na koma bayan salla. Ya ce zafi ya yi yawa. Alhali ina da labarin yana hawa tudun, yana kwana biyu uku wurin makiyaya. A zuwa na huɗu ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Ba zan ƙara kai ka ba. Ka yi mata addu'a daga nan, tana isa."

Abin da na faɗa masa ranar, a tsakar gidansa, Inna na tsaye da ludayi a hannu, zan rubuta shi yadda yake. Na ce, "Ka kai Turawa kaburburan arna suna ba ka gwangwani, ni ka hana ni na uwata. Don ka ga kai kaɗai ka sani shi ya sa kake wulaƙanta ni. Riƙe iliminka, a binne ka da shi."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na fita, ban sake taka gidan ba sai ranar da na shiga ɗaukar makara. Sau biyu na hau tudun ni kaɗai. An shimfiɗa sabuwar kwalta, an fasa nan an tone can, na yi yini ina zagaye ban ga ja ba, na dawo ina ƙara tsine wa taurin kansa. Shi kuwa duk Juma'a in ya taso masallaci sai ya biyo ta ƙofata ya rataye ƙullin na'ana'a a jikin ƙusa, ba ya sallama, ya wuce. Nakan ce wa matata ta bar shi nan ya bushe. A shekara biyun nan ɗansa na zuwa gidana, ya ci ya sha, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya bawana, ka san tsufa ne, rigima gare shi."

Mun binne shi a maƙabarta irin ta garin nan, ba suna ba alama. Ina kallo aka daidaita ƙasa. Yau ko ni da na sa shi a ciki ba zan iya nuna maka wurin ba. Mutumin da ya san kabarin kowa.

Ranar uku, bayan la'asar, Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba. Ta miƙo mini wani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga dutse kamar dunƙulen hannu, baƙi ta nan ja ta can.

Ta ce, "A aljihunsa yake kullum. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba yana da rai. To yanzu ba ya nan."

Ta ce wata rana Kawu ya hau tudun kamar yadda ya saba, ya tarar babu komai. Ba na uwata kaɗai ba, gefen tudun gaba ɗaya an share, mai wutsiya, mai zobe, duk alamomin da yake bi. Masu gini sun gane tararren dutse ya fi sauƙin lodi, katafila ta bi ta baje sauran. Kwana uku suna nema shi da makiyayin nan, sun rasa ko gurbin. Makiyayin ne ya gaya masa motar da ta fara zuwa ta ɗebi jajayen. Ya dawo gida, ya hau bayan gallabin ɗansa, ya tsinci wannan a lungu.

"Ranar ce kaɗai na ga ya ɗaga wa ɗa hannu," in ji Inna. "Na ce masa, Alhaji, gaya wa yaron nan gaskiya. Ya ce a'a. Ya ce in ka sani, ka rasa uwa ka rasa ɗan'uwa rana ɗaya. Ya ce gara ka riƙa jin tana nan, wani tsoho ne kawai ya hana ka. Duk hawan da ka ji yana yi, nemanta yake."

Ban yi kuka a gabanta ba. Na ce, "Inna, na'ana'ar fa?" Ban san me ya sa wannan ce ta fito daga bakina ba. Ta ce, "Ya san kana barinta ta bushe. Ya ce ai dai ba ka cire ƙusar ba."

Na bari aka yi bakwai. Da safe na tare ɗan Kawu yana duba man mota. Na ce ya kai ni Abhur, gidan da ya fara kai wa jan dutse. Ya fara, "Ya bawana, da sassafe haka..." Na buɗe hannu ya ga abin da ke ciki. Ya tada mota muka tafi.

Gida ne a bakin ruwa, da ƙofar ƙarfe. Katangar baƙin dutse ce, an yi mata ɗamara da ja daidai ƙirjin mutum, tun daga kusurwa har ƙofa. Daga ciki ana jin rediyo da ihun masu wanka. Na ɗora dutsen Kawu a jikin ɗamarar. Ba sai an kira Bature ba.

Ɗan Kawu ya ce, "Mai gidan ne ya ce yana son launi biyu. Ni kuma na tuna. Wallahi na ɗauka zan mayar da wasu, sai masu katafila suka riga ni." Ya share fuska. "Dutse ne fa, ya akhi. Ita tana can inda take. Shari'a ma ba ta son gini a kan kabari, ka tambayi liman."

Na ce, "Za ka iya nuna mini wurin?"

Ya ce, "Abuya ma, uban da ya haife ni, ya kasa. Ni wa?"

Na ce masa, "To saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ba gini ba ne, alama ce, kuma kana tsaye ubanka ya tsuguna ya gaya maka yadda ya jera su. Wannan tsakaninka da ita ne, ku haɗu can. Nawa daban. Shekara biyu kana cin tuwon gidana kana ce mini tsufa ne, ina zagin mutumin da ya ɗauki laifinka ya rataya a wuyansa. Kalma ɗaya za ka faɗa in je in durƙusa a gabansa, ka bari har aka rufe shi. Wannan ba zan yafe ba. Ya so in rage da ɗan'uwa, don haka ba zan taɓa ka ba, in ka riga ni ma zan ɗauki makararka. Amma wasa ya ƙare tsakaninmu, kada bakinka ya sake ce mini bawa. Kuma hanyar aikinka ce nan, kullum sai ka wuce. Duk ranar da ka zo daidai katangar nan, ka rage gudu ka yi wa gwaggonka sallama, don nan ka ajiye iyakar abin da na sani nata."